Gidan gem a Bauchi: amsa ga mai son zuba jari

Wani matashi mai sayar da kayan waya a kasuwar Wunti ya aiko da tambaya. Ya tara 'yan kuɗi, yana kuma ganin yadda samari ke cika gidajen gem, inda ake biya a yi wasan bidiyo, da yamma, shi ne yake son buɗe nasa da na'ura huɗu. Akwai riba, ko cunkoson ne kawai ke ruɗar ido?

Ƙanena, akwai riba, amma sai ka yi lissafi tun kafin ka kama shago. Abin da ke jan samari ba ɓoyayye ba ne. Na'urar wasa ta PlayStation 4 (PS4) ta fito tun 2013, PS5 a 2020, kuma har yau kuɗinsu ya fi ƙarfin yawancin gidaje. Ko wanda yake da ita a ɗaki ma yakan zo, domin daɗin wasan ƙwallo shi ne ka lallasa abokinka a gaban jama'a, a kwana ana yi masa tsiya. Wasan da kowa ke kira FIFA, wanda aka sauya wa suna zuwa FC a 2023, shi ne zai kawo maka mafi yawan ciniki.

Abin da kake sayarwa lokaci ne. Mu ɗauka wasa ɗaya naira 200 ne, kuma da zaɓen ƙungiya da gardama yana cin minti 15. Na'ura ɗaya ke nan tana kawo naira 800 a awa. Shagon da ka gani a cike, daga bayan la'asar zuwa goman dare ne. Da safe kujeru ne kawai. Idan ka samu awa biyar cikakku, na'ura huɗu sun ba ka naira 16,000 a rana. Daga cikin wannan za ka cire haya, da albashin yaro, da gyara, da babbar matsalar, wato wuta.

A nan nake so ka nutsu. Na'ura huɗu da talabijin huɗu da fankoki suna jan abin da ya kai kilowat ɗaya. Wutar kamfanin Jos da ke ba Bauchi ba za ka gina kasuwanci a kanta ita kaɗai ba, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, janareta ya zama abokin tarayyar da ke karɓar kasonsa kafin kai. Ƙarami ma yana iya shan kusan lita guda a awa, ko mutum ɗaya ne ke wasa ko takwas. Ka ninka kuɗin lita sau awannin da za ka kunna, ka ga abin da ya rage. Ni dai da za ka ji shawarata, gara na'ura uku da sola da batir mai kyau, da na'ura biyar a kan janareta. Ɗaukewar wuta ana tsakiyar wasa tana lalata na'ura, tana kuma korar mai wasa.

Wuri kuwa, Yelwa da Gwallameji suna da ɗalibai na jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa (ATBU) da kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya, amma ka tuna hutu da yajin aiki: haya ba ta tafiya hutu. Unguwa mai yawan samari masu sana'a, 'yan acaɓa da teloli da masu gyaran waya, ta fi riƙe ciniki duk shekara.

Hannun wasa, wato abin da mai wasa ke riƙewa yana dannawa, shi ne ke fara mutuwa, don haka ka ajiye na ko-ta-kwana. Ƙurar hunturu tana toshe fankar na'ura, zafin watan Afrilu kuma yana wahalar da ita, a riƙa buɗewa ana sharewa. Kuɗi kuma a biya kafin a zauna, a rubuta kowane wasa, domin wasan da yaronka ya ba abokansa kyauta ba ya barin shaida.

Akwai abin da ya fi damuna fiye da duk wannan. Gidan gem da yawa ba asara ce ke rufe su ba, mutanen unguwa ne. Da zarar an fara caca a kan wasa, ko shaye-shaye, ko aka ga yaro da kayan makaranta a ciki da hantsi, iyaye za su kai ƙara wajen mai unguwa ko Hisba, kuma suna da gaskiya. Ka je ka gaida mai unguwa kafin ka buɗe, ka faɗa masa ƙa'idojinka: ba caca, ba ɗan makaranta a lokacin karatu, a kashe komai in an kira salla. 'Ya'yan mutane ne za su zauna a wurinka.

Kada ka rufe shagonka na Wunti. Ka fara da PS4 uku na hannu waɗanda ka gwada da kanka, ka ware kuɗin hayar wata shida a gefe, ka kuma kawo caja da ruwan sanyi kana sayarwa a ciki. In bayan wata shida littafinka ya nuna kujeru ba sa isa da yamma, sai ka yi maganar PS5.