Amsa: Wace ce tsohuwar nan ta Loyola?

Malam, tsohuwar da ka gani a keken guragu a bakin fili kake tambaya, ai Sister Jean ce, 'yar zuhudun Katolika ta jami'ar Loyola a Chicago, Amurka. Tun daga 1994 ta riƙa yi wa 'yan ƙwallon kwandon makarantar addu'a kafin wasa, kuma ba addu'a kaɗai ba fa, har lagon abokan karawa take faɗa musu, bayan wasa ta bi su da imel. A 2018 da suka kai wasan kusa da na ƙarshe na gasar jami'o'in Amurka tana shekara 98 duniya ta san ta. Ni dai shirinta na SMILE ya fi burge ni, ɗalibai take haɗawa da tsofaffi su riƙa ziyartarsu suna ɗebe musu kewa. Ta rasu a Oktoban 2025, shekararta 106.