Ku Tambaya Mu Amsa: pompo, lanho da gonar aro

Salamu alaikum masu karatu, barkanmu da war haka. Saƙonnin wannan karon kusan duk daga karkarar Tahoua sunka fito, ko daga ƴan biɗa da ke waje amma hankalinsu na gida. Na ɗauki huɗu, kuma na cire sunayen mutane da na garuruwa yadda munka saba, kar mu haɗa wani da maigarinshi.

TAMBAYA: Malam ina gaisuwa. Ni ɗan Adar ne ina biɗa nan Abijan, mu ƴan garinmu muna da ƙungiya kowane wata muna zuba kuɗɗi. Pompon garinmu ya lalace tun kahin azumi, munka tara munka aika anka gyara, bai yi wata biyu ba yas sake tsayawa, yanzu matanmu rijiyar hwadama suke tahiya da jakkai tun asuba. Kwamitin ruwa sun ce babu ko dala cikin asusu alhali kowace bido dala biyar ake saida ta shekara da shekaru. Wai gyaran ga na wa ne, namu ko na meri? Ko mu ƙara aikawa?

AMSA: Ɗan'uwa Allah shi ba da sa'ar biɗa, shi saka muku da alheri. Amma kar ku ƙara aika ko dala tukuna, ku tsaya ku ji.

A takarda ruwan sha na karkara yana hannun komin ne, wato ƙaramar hukumar da meri ke tafiyarwa. Dokar ruwa ta 2010 ta faɗa, sannan a 2016 gwamnati ta miƙa ma komin-komin iko kan fanni huɗu, ilimi, lafiya, ruwa da muhalli. Wato ko poroje ne ya gina pompon nan, ko wani attajiri ya yi shi sadaka, meri na da hannu cikinshi kuma tana da haƙƙin ta tambayi yadda ake tafiyar da shi. Sai dai ƙaramin gyara na yau da gobe, roba ta cinye, sarƙa ta tsinke, wannan ba meri ke biya ba, daga kuɗin ruwa ake fidda shi, ai dalilin saida ruwan ke nan tun farko. To yi lissafi da kanka. A ce bido 100 kaɗai ake saidawa a wuni kan dala biyar, jika biyu da rabi ke nan, a wata jika 75, a shekara jika 900, miliyon guda saura kaɗan. Cire na mai tsaron pompo, cire watannin damina da mata ke ɗibar tabki, duk da haka bai kamata a ce asusu wayam ba.

Ba ina cewa ƴan kwamiti ɓarayi ne ba, kar ka je ka ce Malam ya ce. Abin da na fi gani a ƙauyukanmu shi ne kuɗin ba sace su ake ba, rance ake cinye su. Wane matarshi ta haihu babu ragon suna, a ba shi daga kuɗin ruwa zai biya da kaka, manyan baƙi sun zo daga birni a yanka musu akuya daga kuɗin ruwa, an yi rasuwa gidan liman, kuɗin ruwa, kuma ma'ajin shi ma ɗan gari ne, wanda ya zo rancen kawunshi ne ko surukinshi, da wane baki zai hana. Babu wanda ya rubuta, babu wanda ya biya, ranar da pompo ya tsaya sai a buga ma ƴan Abijan waya.

Don haka ku sa sharaɗi. Ku ce kuna shirye ku taimaka amma sai an yi taron gari ƙofar maigari an kawo kaye an karanta abin da ya shiga da abin da ya fita, in babu kayen ma gaba ɗaya a faɗa gaban jama'a, ba don a kunyata kowa ba, don a san daga ina za a tashi. A sake kwamiti, mai saida ruwa daban, mai riƙe kuɗi daban, mai rubutu daban, kuma ni da za a bi tawa a ba mace ma'aji, cikin matan nan masu asusun mako irin na Mata Masu Dubara, sun saba da ƙirga kuɗi gaban juna kuma su ne ke shan wahalar in ruwa ya yanke. Kuɗin kar su kwana cikin gari fiye da mako, a kai su ajiya inda ba a fiddawa sai da sa hannun mutum biyu ko ukku.

Batun ya sake lalacewa cikin wata biyu kuwa, ku tambaya wa ya gyara kuma ina ya sayo kayan. Pompo iri-iri ne, akwai na hannu India Mark II, akwai na ƙafa Vergnet, kowane da kayanshi, kuma ba duk mai gyaran moto ne ya san su ba. Ma'aikatan ruwa na gwamnati da ke babban garin yankinku sun san masu gyaran da anka horar. In ta tabbata ramin ne kanshi ya samu matsala ko bututu duk sun ruɓe, wannan ya fi ƙarfin asusun ƙauye, nan ne meri ke shigowa. Ku rubuta takarda da sa hannun maigari, a kai meri, a buga muku tampo bisa kwafi ku riƙe, don a saka ku cikin tsarin ayyukan shekara. Magana ta baki da anka gaya ma wani babba wurin biki ba ta shiga kasafi.

TAMBAYA: Jikana ne ke rubuta min. Tun zamanin Diori nike biyan lanho ban taɓa tsallake shekara ba, ni da iyalina duka, amma har yau ɗiyanmu cikin runhwar kara suke karatu. Da muna da konseye ɗan garinmu, in ya hito masallaci mu tare shi mu yi mai hwaɗa ko ba ta da amfani mun huce. Yanzu an ce babu su. To kuɗɗin ina suke zuwa, kuma wa za mu tambaya?

AMSA: Baba Allah shi ƙara girma da lafiya, a gaida jikan da ya rubuta.

Gaskiya ne babu su. Zaɓen konseyoyi na farko da ya game ƙasa duka an yi shi ranar 24 ga Yuli 2004, komin 265 a lokacin, anka sake a 2011, anka sake a Disamba 2020. Bayan sojoji sun karɓi mulki a Yuli 2023, cikin watan Afrilu 2024 anka rusa majalisun anka naɗa kantomomi, waɗanda ake ce ma AD, su riƙe meri. Amma meri ɗin ba a rufe ta ba, sakatare na nan, mai karɓar kuɗi na nan, masu takardun haihuwa na nan, kuma parafe na bisansu yana sa ido yadda yake yi da.

Lanhon da kake biya hannun maigari yake bi, shi ya kai ma mai karɓar kuɗi na meri, a fidda mishi ɗan kasonshi na wahalar tarawa. A can yake haɗuwa da tiken kasuwa, da na kara in an saida bisa, da na tasha da na mahauta. Komin da ke da babbar kasuwa irin ta Badagishiri ko mai albasa irin ta wajen Galmi ba ɗaya take da wadda ba ta da komi sai lanho ba. Daga nan ake biyan ma'aikata, mai na mota, takardu, wuta, kuma doka ta ce a ware wani kaso don gine-gine da ayyuka, sai dai a komin da yawa kafin a kai ga kason nan tukunyar ta ƙare, shi ya sa yawancin ajin siminti da ka gani ko dai kuɗin poroje ne ko na hukumar ANFICT da gwamnati ta kafa don tallafa ma ƙananan hukumomi.

In ka je meri za su ce maka mutane ba su biya shi ya sa ba a aiki, in ka zo ƙauye a ce ba a aiki shi ya sa ba mu biya. Kowa na da tashi gaskiyar, amma ni ina ganin mai riƙe da kuɗin jama'a shi ya kamata ya fara, ya liƙa lissafi jikin bango, ya shiga rediyon karkara ya faɗa da Hausa da Tamajak da Fulatanci nawa anka tara nawa anka kashe. Mu ma dai muna da namu, don lokacin da konseyoyin ke nan zamansu na bayan wata ukku-ukku a buɗe yake, kowa na iya shiga ya zauna ya saurara, sarakuna ma na zama ciki su ba da shawara ko da ba su jefa ƙuri'a, amma mutum nawa ne daga ƙauye ya taɓa hawa kabu-kabu ya je?

Abin yi yanzu Baba, duk lanhon da ka biya ka karɓi resi, jikanka ya adana. Ku sa maigari ya faɗa muku jimillar abin da garinku ya kai bana, ai shina da takardar. Da wannan adadin a hannu, maigari da shugaban iyayen yara da diraktan lakwal su tafi wurin kantoma, in da hali sarki ya san da tafiyar, su ce ga abin da munka biya, ga yawan yaranmu, aji guda muke so. Kuma kar su tafi hannu sake, su ce yashi da dutse da ruwa da leburanci mu za mu kawo. Kai ka ga zamanin samariya lokacin Kountché, ka ga aikin Keita da anka fara a 1984 da kuɗin Italiya, mata na ɗaukar duwatsu a ka ana tare ruwa bisa tuddai, ka fi ni sanin abin da gayya ke yi. Garin da ya tara yashinshi ya fi saurin shiga layi.

TAMBAYA: Malam ɗiyata ta kai ajin jarabawa mushe ya ce sai da takardar haihuwa, a gida na haife ta ba mu yi ba, babanta na Libiya. Yaya zan yi?

AMSA: Ƴar'uwa kwantar da hankalinki, ana yi. Dokar 2019 ta ba da kwana 60 a bayyana haihuwa, kyauta, ko a likita ko wurin maigari ko a meri. In lokacin ya wuce sai ta hannun alƙali, shi ke yin hukuncin da meri za ta dogara da shi ta ba ki takardar. Ki fara zuwa wurin dirakta, sau da yawa suna tara sunayen yara irin nata don ranar da alƙali ke fitowa karkara a yi ma mutane da yawa lokaci guda. In jarabawar ta matso kar ki jira, ki ɗauki katin iyali da katin awo ko na rigakafi in akwai, da shaidu biyu masu katin ɗan ƙasa, kawunta na iya raka ki. Ki sa ido a rubuta sunanta da na babanta daidai da yadda suke a lakwal, harafi guda in ya bambanta zai dame ta har jarabawar BEPC ta ƙarshen kwaleji. Ƙannenta ma in ba su da ita a haɗa a yi gaba ɗaya.

TAMBAYA: Mahaihinmu ya ba wani amininshi aron gona tun muna yara, yanzu su duka biyun sun rasu, munka je karɓa ɗiyanshi sunka ce gadonsu ce ubansu ya saya. Babu takarda ko guda. Ƙannena na cewa mu je mu shuka da ƙarhi in ruwa ya sauka.

AMSA: Allah shi jiƙansu da rahama. Ka riƙe ƙannenka, kar wanda ya shiga gonar nan da kalme ko da sanda, wanda ya fara duka ko da gaskiyarshi jandarma ke tafiya da shi, gonar kuma ta koma magana ta biyu.

Tun 1993 ƙasar nan ke da dokar karkara, kuma ƙarƙashinta akwai kwamitin filaye har matakin ƙauye, COFOB, maigari ke shugabanta, da wakilan manoma da makiyaya da mata da matasa. Su ke ba da takardar shaidar gado, ta saye, ta kyauta, ta aro da ta jingina. Da iyayenku sun samu irin wannan da ba a kai nan ba, amma zamaninsu amana ce takarda, ba laifinsu ba ne.

Hanyar ita ce sulhu wurin maigari, in bai yiwu ba a hau wurin sarki, kuma ko an shirya ko ba a shirya ba ka tabbata an rubuta takardar zaman an sa hannu, don in ka tsallake ka tafi jastis kai tsaye maido ka za a yi. Abin da zai taimake ka shaidu ne. Masu iyaka da gonar ta gabas da yamma, kudu da arewa, tsofaffin da sunka san lokacin da anka ba da ita, da wanda ya taɓa ganin ana kawo ma mahaifinku dami da kaka, don a al'adarmu wannan damin shi ke nuna gona ta aro ce, mai saye ba shi kai dami. Ɗiyan aminin su ma za a tambaye su nawa ubansu ya saya, gaban wa. Wani lokaci har rantsuwa da Alƙur'ani ake kaiwa, kuma ka san nauyinta, kar ka rantse kan abin da ji ka yi ba gani ba.

Ka yi shi yanzu da rani tun tsofaffin na da rai kuma ba a yi shuka ba. In an tabbatar taku ce, ni shawarata kar ku tashe su rana guda, mutanen da sunka tashi suna cin gonar nan, ku bar musu wani yanki aro amma wannan karon a rubuce, shekara kaza, dami kaza, COFOB ta buga tampo kowa ya riƙe kwafinshi.

Wanda ya tambaya kan burtali da ranar sakin gonaki, taka sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu, fili ya ƙare.