Tambaya da Amsa: DAF ɗin cikin kwali daban, DAF ɗin Kwangila daban

Jama'a assalamu alaikum. Saƙonnin wannan makon kusan duk kan abu ɗaya suka taru, wato 'yan ƙananan tirelolin nan na roba da ake sayowa a warwatse cikin kwali, mutum ya zauna da gam da reza ya harhaɗa abinsa. Mu da muka tashi da motar kara da ta langa-langa ba baƙon abu ba ne a wajenmu, sai dai ita wannan da awo ake yin ta. Na ɗauki huɗu, sauran ku yi haƙuri sai wani jiƙon.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Yayana ne ya kawo min kwalin DAF XF105 na kamfanin Italeri daga tafiya, an rubuta 1:24 a jiki. Ni burina in maida ita irin tirelolin da nake gani kullum a Kwangila nan Zariya, ba irin ta hoton kwalin ba mai sheƙi. Abokina ya ce kawai in shafe ta da jar ƙasa shikenan. Ta ina zan fara dan Allah? Daga wani ɗalibi, Hanwa.

AMSA: Ƙanena ka gaishe min da abokin naka, amma jar ƙasa ita ce aikin ƙarshe, in ka fara da ita abin da za ka samu motar Turai ce da ta faɗa kwata, duk direban da ya kalla zai gane ba tasu ba ce.

Fara da lambar nan ta jikin kwali. Duk abin da ka auna a jikin babbar mota ka raba shi gida 24, wato inci ɗaya a hannunka ƙafa biyu ne a titi. Tirela faɗinta wajen mita biyu da rabi ne, to taka za ta zama milimita 104 ko kusa da haka. Tayar da aka rubuta wa 315/80R22.5, faɗinta zai dawo milimita 13, tsayinta kuma kusan 45. Riƙe lissafin nan da kyau don duk abin da za ka ƙera da hannunka ka ƙara da shi za ka auna, in ba haka ba sai ka ga mutum ya yi kwana da kwanaki yana aiki amma ya maƙala wa mota butar da in a gaske ne ta kai durom girma.

Na biyu, kuma nan na fi so ka ji ni, kar ka ce za ka gina "irin tirelolin Kwangila". Zaɓi ɗaya tak, mai lambarta, mai direbanta, mai tabonta. Su Italeri can a Italiya sun kwaikwayi motar ne yadda take fitowa daga masana'antar DAF a Eindhoven ta ƙasar Holan, ita kuwa wadda kake gani a nan yawanci ta gama aiki a Turai tukuna aka shigo da ita, sannan mai walda da makanike kowa ya sa mata hannu yadda ya ga dama, shi ya sa da wuya ka samu guda biyu iri ɗaya sak ko a Mararrabar Jos inda suke jere ba iyaka. Je ka yi sallama, ka gaisa da direba da yaran mota, ka nuna musu kwalin ka faɗi abin da ya kawo ka. Kar ka kuskura ka tsaya daga nesa kana ɗaukar hoton motar mutane a wannan zamanin, za ka jawo wa kanka tambayoyin da ba ka shirya musu ba. In sun yarda, kuma galibi da dariya za su yarda, ka ɗauka ta gaba, ta gefe, ta baya, kana fuskantar motar kai tsaye kuma daga ɗan nesa, don hoton kusa ko na karkace ƙaryar tsawo yake yi. Jingina sanda mai tsawon mita ɗaya a jikin motar ta fito a hoton, ita za ta zame maka rula in ka koma gida.

Kafin ma ka ciro tef ka tabbata ƙirarta ɗaya da ta kwalinka. DAF 95XF ta fito a 1997, XF105 ta biyo baya wajen 2005, daga nesa kamarsu ɗaya amma fuska da fitilu da bamba sun sha bamban. Sai ka durƙusa ka ƙirga aksil. In ta kwali biyu gare ta, ta gaske kuma uku, to sai an tsawaita shasi an nemo aksil da tayoyi daga wani kwalin, wannan ba aikin sabon hannu ba ne, gara ka nemi wata motar da ta dace da abin da kake da shi.

Sauran kuwa aikin ido ne. Robobin gefe da ke rufe tanki, in an cire su a ta gaske to kar ka liƙa naka don kawai sun zo a kwali. Duba tankin mai na biyu da aka ƙara, ƙarfen kariya da mai walda ya yi a gaba, ragar waya kan fitila, robar tare taɓo da aka yanko daga tsohuwar taya, jarkar ruwa da buta ɗaure a bayan kai, weji na katako. Ƙarfen gaba ka yi shi da wayar jan ƙarfe ta masu naɗin koyil, bututu mai kaurin inci 2 waya ce mai milimita 2 a wajenka. Igiyoyin iskar birki na bayan kai kuma ka naɗe siririyar waya a jikin allura ka zare. A tsarin Turai ja da rawaya ne, ja da shuɗi na motocin Amurka ne irin su Mack, amma duba hotonka tukuna, don makanike abin da ya samu shi yake ɗaurawa. Lamba kuma ka tuna ta motar haya da jan rubutu take, shuɗi na motar gida ne.

Shasi ka haɗa shi a kan fallen gilashi ko tayil mai santsi, ka ɗora masa ɗan nauyi ya kwana, don in ya murɗe ko kaɗan ne ƙarshe taya ɗaya za ta tsaya a sama kuma babu gyara. In an gama komai sai jar ƙasar abokinka, ka tankaɗe ta da tsohon ɗankwali ta yi laushi lilis, ka kwaɓa da ruwa da ɗigon farin gam, ka sa ta inda take zama a hoton, ƙasan ƙofa, cikin wili, bayan taya, banda inda waifa ke sharewa.

TAMBAYA: Malam, marigayi kakana direban Bedford ne mai bodin katako, yana jigilar gyaɗa da auduga tun kafin a haifi babana, hotonsa ɗaya gare mu yana tsaye gaban motar. Na ga kwalin Bedford na kamfanin Emhar a intanet ina son in gina ta in ba babana. Amma sitiyarin a dama yake, wani ya ce in maida shi hagu tunda nan Najeriya ce. Kuma da me zan yi bodin? Daga wata malamar makaranta, Tudun Wada.

AMSA: Allah ya jiƙan tsoho Malama. Kar ki taɓa sitiyarin nan. Najeriya hannun hagu ake bi irin na Ingila har zuwa ran 2 ga Afrilu 1972 da aka koma hannun dama, saboda haka Bedford ta zamanin dalar gyaɗa sitiyarinta a dama yake, kwalin ya fi mai ba ki shawara gaskiya.

Inda nake so ki tsaya kafin ki biya kuɗi shi ne fuskar motar. Ta Emhar tsohuwar ƙirar O ce da aka yi daga 1939 zuwa farkon shekarun 1950, mai siririn hanci a tsaye. Wadda dattawanmu suka fi tunawa kuwa TJ ce da ta fito a 1958, mai faffaɗar fuska a zagaye. In ta hotonku TJ ce to wannan kwalin ba zai ba ki ita ba, babanki kuma kallo ɗaya zai yi ya ce mota ta yi kyau amma ba ta Baba ba ce. Kar kuma ki rubuta Jihar Kaduna a ƙofa, sai 1976 aka sa wannan suna, kafin nan Jihar Arewa ta Tsakiya ce tun 1967. Lamba ki kwafe ta daga hoton yadda take.

Bodi da katakon gaske za ki yi shi. Katako mai kaurin inci ɗaya milimita ɗaya ne kacal a 1:24, mai faɗin inci 6 kuma milimita 6. 'Yan katakon nan da likita ke danne harshe da su, ana samu a kemis, sun yi daidai da ginshiƙan tsaye, amma sun yi wa allunan gefe kauri sai an rage su da samfefa, ko ki nemi kafinta ya ɓantaro miki fallen saman tsohon filawud. Yanka su ɗaya ɗaya ki jera ki bar 'yar tazara tsakani yadda take a hoton, kar ki zana layi a kan allo guda ki ce an gama, ido yana ganewa. Farin gam na kafintoci ya isa. Kan noti ɗigon gam ne da tsinken sakace. Tamfol kuwa ki jiƙa tishu da gam mai ruwa-ruwa ki shimfiɗa a kan kayan, zai bushe da tamojinsa sai fenti. Rubutun baya da na goshi ki tambayi babanki ko 'yan uwansa abin da aka rubuta, kuma da hannu za ki rubuta da siririn buroshi, don na ainihin ma da hannu aka yi shi.

TAMBAYA: Na fesa wa kan motata fentin mota na gwangwani sai robar ta yamutse, ga ƙura ta maƙale, gilashin kuma ya yi fari fat bayan na sa sufa gulu. Ta lalace kenan? Daga wani makaranci, Sabon Gari.

AMSA: Ɗan'uwa ba ta mutu ba amma ta sha wuya. Tinar da ke cikin fentin mota cin irin wannan robar take yi, musamman in ka zuba da yawa lokaci guda. Bar ta ta bushe sosai na 'yan kwanaki, ka goge da samfefar ruwa mai lamba 800 sannan 1200, ka wanke da sabulu, ka fara da faraima, wato fentin shimfiɗa na farko, sama-sama daga nisan kamar santimita 25, shafi biyu ko uku marasa kauri. Kowane fenti kuma ka fara gwada shi a jikin sandunan robar da kayan suka zo maƙale a kai. Da hunturu ka yayyafa wa ƙasan wurin ruwa kafin ka fesa, da ka gama ka kife ta da roba mai tsabta, a inda iska ke shiga don warin ba na shaƙa ba ne. Kar ka shanya ta a rana, ranar Zariya ta watan Maris tanƙware ta za ta yi.

Gilashi tururin sufa gulu ne ya dafe shi. In bai yi zurfi ba man goge baki da tsumma mai laushi na iya rage shi. Nan gaba farin gam irin su Top Bond za ka sa, in ya bushe ba a ganinsa.

TAMBAYA: Na samu bayan tirela na kamfanin AMT 1:25, kan motar kuma 1:24 ne. Za su haɗu? Daga Samaru.

AMSA: Za su haɗu, bambancin wajen kashi 4 cikin 100 ne. Kwantena mai ƙafa 40 santimita 51 ce a 1:24, a 1:25 kuma 49, ba kowa zai lura ba. Inda asiri ke tonuwa tayoyi ne in sun tsaya kusa da juna, da kuma ƙirar, don AMT bayan motocin Amurka suke yi. In bayan Mack kake so to ka dace, in na DAF ne ka duba yawan aksil da fitilun baya a jikin ta gaske ka canza, sannan ka gwada tsayin inda kai da baya ke haɗuwa kafin ka sa gam, kar bayan ya ɗaga hanci sama.