Tsohon Briggs da ya ƙi tashi

Ɗan'uwa, ka ce ka tsinci tsohon injin Briggs & Stratton a Harajin Sawarikh, kasuwar gwanjo ta Jidda, kana jan igiya har kafaɗa ta yi tsami, ko tari bai yi ba, kana tambaya ko ka kwance shi gaba ɗaya. Dakata tukuna.

Cire filogi, ka mayar masa da wayarsa, ka manna shi a jikin ƙarfen injin, ka ja igiya. Idan ba ka ga tartsatsi shuɗi ba, matsalar wuta ce. Duba lambar "Code" da ke jikin murfin: alkaluma biyu na farko shekarar ƙira ce. Wanda aka ƙera kafin 1982 yawanci kwantak (ƙananan ƙarafa biyu masu haɗuwa da rabuwa don ba da wuta) yake da shi a ƙarƙashin fulawil, wato faifan ƙarfen da ke juyawa in ka ja igiya, kuma laimar Jidda tana sa shi tsatsa. Goge kwantak ɗin da sanfefa mai laushi, ka bar tazarar milimita 0.5 tsakanin bakunansa.

In akwai wuta, to galibi kabureta ce. Fetur da ya shekara a ciki yakan daskare kamar ƙaro, warinsa kamar tsohon fenti. Nawa da na buɗe, sai da na zare silin waya ɗaya na tsokane ramin jet (ɗan ramin da fetur ke bi) kafin haske ya ratsa. Kada ka sa allura, za ta faɗaɗa ramin, injin ya riƙa shan mai kamar raƙumi. Ni na yi wannan wautar.

Kafin ka tayar, zubar da tsohon baƙin mai, ka zuba SAE 30. Sake masa fenti kuwa, bari sai injin ya yi aiki.