Amsa kan rawar jami'o'i wajen koya wa matasan karkara kasuwanci

Malam, ka tambayi ko jami'o'inmu suna koya wa matasan ƙauyuka da 'ya'yan marasa galihu dabarun kasuwanci. Tun kusan shekarar 2007 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa (NUC) ta wajabta darasin dogaro da kai a jami'o'in Nijeriya, amma darasin ya tsaya kan ɗaliban da suka riga suka samu gurbin karatu, don haka ba ya isa ga ɗan shekara 15 da ke ƙauye.

Hanyar da ta fi kusa da shi ita ce babbar sakandare, inda tsohuwar manhajar 2011 ta shigar da darussan sana'o'i 34, har da kiwon kifi, kiwon dabbobi, ɗinki da gyaran wayar salula. Matsalar ita ce makarantun karkara da yawa ba su da ƙwararrun malamai ko kayan aiki. A ganina nan ne jami'a za ta fi amfani, wato ta horar da waɗannan malamai, ta kuma tura ɗalibanta ƙauyuka kamar yadda cibiyar NAERLS ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya take kai wa manoma ilimin noma.

Abin da ya kamata a fara koyarwa shi ne lissafi. Yarinyar da ke soya awara ta riga ta iya sana'arta, abin da take buƙata shi ne ta rubuta kuɗin waken suya, niƙa, mai da itace, ta ware uwar kuɗi daga riba kafin cefanen gida ya cinye jarin.