Ku Tambayi Baba: Ƙungiyarmu ta zumunta da Sinawa tana neman mutuwa

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Baba. Ni malamin sakandare ne a garin Bauchi. Bara muka kafa ƙungiyar sada zumunta da Sinawa, bayan biyu daga cikin abokanmu sun dawo daga karatu a ƙasar Sin. Akwai 'yan Chaina kaɗan a nan, wasu a kamfanin aikin hanya, wasu kuma suna zuwa sayen riɗi da kaka. Mun yi bikin buɗewa, muka yi hayar rumfa da kujeru, kuɗin asusu ya ƙare a ranar. Tun daga nan taro sai raguwa yake yi. A unguwa ana ce mana 'yan maula, wani ma ya ce haramun ne abota da wanda ba ya salla. Mu rufe ne, ko da sauran abin yi?
Malamin makaranta, Jahun, Bauchi

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ku rufe. Na daɗe ina fataucin kayan gyaran babur tsakanin birnin Guangzhou na ƙasar Sin da kasuwar Muda Lawal ta Bauchi kafin gwiwa ta zaunar da ni, kuma na san irin asarar da mutanenmu da nasu suke tafkawa don kawai babu mai shiga tsakani. Ƙungiyarku tana da aiki, ba ta dai fara shi ba ne. Abin da kuka yi bara biki ne.

Bari in fara sauke maka maganar haramci, don ita ce mai nauyi a zuciya. Ka buɗe Suratul Mumtahana, aya ta 8: Allah bai hana mu kyautata wa waɗanda ba su yaƙe mu saboda addini ba, ba su kuma fitar da mu daga gidajenmu ba, bai hana mu yi musu adalci ba. Ka ɗauki ayar ka je wurin limaminku da ladabi, ka gaya masa abin da kuke yi da abin da ba ku yi, cewa babu giya babu naman alade a taronku, kuma ana tashi in an kira salla. Sannan ba duk Basine ne ba ya salla ba. Na yi Juma'a a Guangzhou sahu ɗaya da Musulmi 'yan ƙabilar Hui, kuma a gidajen taliyarsu muke cin abinci hankali kwance. Masallacin Huaisheng da ke birnin yana cikin mafiya daɗewa a ƙasar.

Zargin maula kuwa, ku za ku kashe shi da hannunku, ta hanyar fara bayarwa kafin ku karɓa. Me kuke da shi wanda baƙon nan ba shi da shi? Hausa. Injiniyan da ke kula da leburori a bakin hanya, mai sayen riɗin da ke ciniki ta bakin tafinta yana zargin ana cin kansa, kowannensu yana buƙatar gaisuwa, ƙirge, da sanin abin da ba a yi wa dattijo. Kai malami ne, kana da allo da alli. Ku nemi aron aji ɗaya ranar Asabar da yamma, awa ɗaya ku koya musu Hausa, awa ɗaya abokanku biyu da suka dawo su koya wa yaran unguwa Sinanci tare da baƙin. Ko mutum biyu ne suka zo, ku yi darasin, mako mai zuwa ma ku yi. Kada ka ɗauka Hausa baƙuwa ce a wurinsu. Tun 1963 Rediyon Sin yake watsa shiri da Hausa, mu muna samari muna murɗa gajeren zango muna jin Sinawa masu sunayen Hausa suna karanta wasiƙun masu sauraro, kuma har yau ana koyar da harshen a Jami'ar Koyon Harsunan Waje ta Beijing.

Aiki na biyu shi ne wanda zai cika muku ɗaki, wato zama da ƙananan 'yan kasuwa. Je ka kasuwar Wunti ka ga matasa nawa ne, maza da mata, ke odar kaya daga Guangzhou da Yiwu ta waya, ba su taɓa taka filin jirgi ba. Da yawansu ba su san cewa bikin sabuwar shekarar Sinawa yana faɗowa tsakanin ƙarshen Janairu da tsakiyar Fabrairu ba, masana'antu su rufe, ma'aikata su tafi garuruwansu na makonni. Sai yaro ya tura kuɗi a daidai lokacin, ya ji shiru, ya fara kuka an damfare shi. Wani kuma da gaske damfarar ce, don bai nemi samfur ba, bai tantance dillali ba, ya biya duka kuɗin lokaci guda. Ku tara su sau ɗaya a wata, wanda ya san hanya ya yi bayani, wanda ya ƙone ya faɗi yadda aka yi. Waɗannan za su biya kuɗin wata da daɗin rai, domin sun ga abin da suka saya da shi.

Yanzu ga inda nake so ka saurare ni da kyau. Ƙungiyar zumuntar da ba ta iya faɗin magana mai ɗaci, mutane za su ɗauke ta 'yar amshin shata, kuma suna da gaskiya. Akwai ƙorafi na haƙiƙa. Masaƙa da marina a Arewa sun ji jiki da shigowar atamfa da shadda masu araha. An sha kama Sinawa a jihohi daban-daban kan haƙar ma'adinai ba bisa ƙa'ida ba. Leburori suna kukan tsawa da aikin da ya wuce lokaci ba ƙarin kuɗi. A watan Afrilun 2020, lokacin korona, an fitar da 'yan Afirka daga gidajen haya da otal a Guangzhou, har Kakakin Majalisar Wakilai na lokacin, Femi Gbajabiamila, ya kira jakadan Sin ya nuna masa bidiyon. Wani zai tambaye ka halin da Musulmin Uighur ke ciki a Xinjiang. Ofishin kare haƙƙin ɗan'adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fitar da rahoto mai zafi a kai a Agustan 2022, gwamnatin Sin kuma ta musanta. Kada ku ɓoye wannan, kada kuma ku ɗora wa baƙon da ke zaune a ajinku, shi ba gwamnati ba ne.

Su ma suna da nasu kukan a kanmu. Na ga buhun riɗin da aka yi wa algus da yashi, na ji kunya har raina. An yi garkuwa da ma'aikatansu a wasu sassan ƙasar nan, shi ya sa za ka gan su ba sa fita sai da 'yan sanda a bayan mota, ba girman kai ba ne. To idan lebura ya zo muku da ƙara, ku je da wanda ke jin harsunan biyu, a zauna da shugaban aikin. In ta ƙi, ku raka shi ofishin ƙwadago. In mai sayen riɗi ne aka cuta, ku kai shi wurin sarkin kasuwa. Kanawa sun gane amfanin wannan, shi ya sa a 2019 Sarki Muhammadu Sanusi II ya naɗa wani ɗan kasuwa Basine Wakilin 'Yan Chaina, don a san ƙofar da za a ƙwanƙwasa in rigima ta taso. Ku ma ku je ku gabatar da kanku wurin mai unguwa da hakimi tun kafin a neme ku.

Yawon zumunci ba ya buƙatar rumfa. Ku gayyace su kallon hawan Salla a ƙofar fadar Sarkin Bauchi, ku kai su kabarin Tafawa Balewa, ku ajiye musu masa da miya, in hali ya yi ku shirya Yankari su ga ruwan Wikki, amma da sanin kamfaninsu da jami'an tsaro. In za ku ba da kyauta, ku miƙa da hannu biyu, kuma kada ta zama agogon bango, don a al'adarsu tana nuni da mutuwa.

Kuɗi kuma, littafi ɗaya, ma'aji ɗaya, a karanta lissafi a kowane zama. In kun yi shekara kuna aiki, sai ku yi rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi. Da takardar da hotunan ajinku za ku rubuta wa Cibiyar Al'adun Sin da ke Abuja ku nemi littattafai da malami mai ziyara.

TAMBAYA: Baba, barka da aiki. Ɗana ya gama sakandare yana son karatu a Chaina. Wani ya ce in kawo kuɗi ya samo masa gurbi kyauta. In bayar?
Mahaifiya, Tudun Wada, Gombe

AMSA: Hajiya, riƙe kuɗinki. Tallafin karatu na gwamnatin Sin ana nemansa ne ta shafin CSC, hukumar tallafin karatu ta Sin, a intanet ko kai tsaye daga jami'ar da yaro yake so, kuma jami'ar da hukumar ne ke zaɓe, babu ɗan tsakiyar da zai iya ba ki tabbacin gurbi. Abin da zai ƙara masa daraja shi ne sakamako mai kyau da jarrabawar Sinanci ta HSK. Cibiyoyin Confucius na Jami'ar Legas da Jami'ar Nnamdi Azikiwe da ke Awka suna koyar da harshen. Ya yi fasfo tun yanzu, ya fara karatun harshen a waya, sannan ki sa wani ɗan'uwa mai ilimi ya zauna da shi su cike takardun tare. Allah Ya yi masa albarka.