Ana so a saya mana manhajar fidda rahoto a ɗakin karatu, ta yaya zan gane ta ƙwarai ce?

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ni ce mai kula da ɗakin karatu na wata lakkol a nan Damagaram, da manhajar ɗakin karatu mai suna Koha muke rajistar littattafai da aro. Wani ya zo ya nuna ma darakta sabuwar manhaja mai fidda rahoto da zane-zane masu launi, an ce in faɗi ra'ayina kafin a biya. Me zan duba?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Kar ki bari launin nan ya ɗauke miki hankali, a ranar talla kowace manhaja kyau gare ta don da bayanan da suka gyara da kansu suke nunawa. Ki ce mai tallar ya ɗora ta kan bayananku, kuma ki yi mata tambayar da kin riga kin san amsarta, kamar yadda a kasuwar Dole ake gwada tiyar mai hatsi da wadda aka zo da ita daga gida. Ɗauki wata guda, misali Nuwamba, ki ƙirga aron da aka yi daga kayenki ko daga rahoton Koha ɗin kansa, sannan ki ga ko lissafinta ya zo ɗaya da naki.

In bai zo ɗaya ba yawanci ga inda matsalar take. Koha yana ajiye littattafan da ke hannun mutane yanzu a wani tebur na bayanai, wato jeri a cikin na'ura, mai suna issues, waɗanda aka maido kuma sai su koma old_issues, to in manhajar na farkon kaɗai take karantawa za ta nuna kamar ɗalibanku ba sa karatu alhali sun ara sun maido. Akwai kuma teburin statistics da ke rubuta aro daban, sabunta aro daban, maidowa daban, wata manhajar sai ta tattara su duka ta kira su aro, lissafi ya kumbura darakta ya yi murna, ranar da masu bincike suka zo kuma ke za a tambaya. Sai ki tambayi mai tallar kai tsaye, in ɗalibi ya ƙara sati biyu kan littafin da ke hannunsa aro ɗaya ne ko biyu? Haka ma in littafin lissafi guda yana da kofi 30 a kanta, 1 za ta ƙirga ko 30? Duka biyun suna da amfani amma dole ki san wanne take ba ki.

Ki fidda rahoton zuwa Excel a gabansa. Duba ƙ da ɗ da ƴ da é na Faransanci ko sun fito lafiya ko sun koma alamar tambaya, wannan alama ce ba ta riƙe UTF-8, wato tsarin adana haruffa a na'ura, da kyau. Kwanan wata ma haka, 03/04 a wurinmu 3 ga Afrilu ne, a tsarin Amurka 4 ga Maris.

Abin da ya fi damuna shi ne sunayen masu aro. Wane littafi yarinya ta ara sirrinta ne, kuma tun 2017 Nijar na da dokar kare bayanan mutane, hukumar kare bayanan mutane HAPDP ce ke sa ido a kai. Don haka a yi gwajin kan kofin bayanan, a buɗe ma mai tallar asusun karantawa kawai wanda ba zai iya goge komai ba, kuma ki ji ko sai an tura bayananku wata ƙasa ta intanet kafin ta yi aiki. In haka ne ranar da rezo ya tafi ko aka ɗauke kuran rahoto ma ya tafi kenan.

Ni dai a ganina kafin a fidda ko dala ki fara leƙa sashen rahoto na Koha ɗin, tun 2000 ake amfani da shi kuma yana barin a rubuta tambayar SQL, wato yaren da ake tambayar rumbun bayanai da shi, a adana ta, duk ƙarshen wata danna ɗaya ce. In zanen ne darakta ke so akwai manhajar zana rahoto Metabase, kyauta ce, tana haɗuwa da MariaDB, rumbun bayanan da Koha ke zaune kai. In sabuwar ta fi waɗannan a gwajin, ki sa a rubuta a takarda nawa ne kuɗin shekara, wa za ki kira in ta tsaya, da ko za ku iya kwashe rahotanninku in kun daina biya.